Takardar gwajin mahaifina ta nuna p53 da Ki-67: shin su ne ke faɗin makomar sankarar baki?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da malamai da likitocin wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau kuwa larura ce ta sa na yi magana.

Mahaifina yana da shekara 64, manomin dawa da riɗi ne a kudancin Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma tun yana saurayi yake sa tumbak, wato tabar leɓe, a cikin leɓensa na ƙasa, kamar yadda sa'o'insa da yawa suke yi. Bayan kaka wani miki ya fito masa a dasashin ƙasa ta hagu, daidai wurin da yake ajiye saffa, wato ɗan dunƙulen tumbak ɗin. Mun ɗauka ciwon haƙori ne, aka yi ta kurkure baki da ruwan gishiri da na bagaruwa, har wata huɗu suka shuɗe mikin bai warke ba. Da aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sai aka ce sankarar baki ce. Yau kwana 19 ke nan da yi masa aiki, inda aka cire ƙarin tare da gefen ƙashin muƙamuƙi, aka kuma buɗe wuyansa ta hagu aka kwashe kaluluwa.

Jiya na karɓo takardar sakamakon naman da aka cire, shafi biyu da Turanci. A ƙarshenta an rubuta cewa p53 ya fito a kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin, Ki-67 kashi 45, p16 kuwa bai fito ba. Na kwana ina bincike a intanet, kuma duk inda na duba sai in ga ana cewa yawan p53 da Ki-67 alama ce ta mugun ciwo, rashin p16 ma haka. Hankalina ya tashi ƙwarai, har ban iya gaya wa mahaifiyata abin da na karanta ba.

Ɗan baffana da ke aiki a Jidda ya ba da shawarar mu tura naman zuwa wani ɗakin gwaji a ƙasar waje, a karanta ƙwayoyin gadon ciwon gaba ɗaya, mu kuma dakatar da gashin da likita ya rubuta, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura, har sakamako ya dawo, wanda aka ce zai ɗauki mako uku zuwa huɗu. Ya yi alkawarin biyan rabin kuɗin, sauran kuma sai mun sayar da riɗin da muka ajiye. Abin da nake so masana su fayyace mini shi ne: waɗannan lambobi uku suna nufin ciwon zai dawo ne? Kuma ya dace mu jira wancan gwaji?

Likitar Ɗakin Gwaji, Jidda:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni 'yar Mai Wurno ce, aikina kuwa shi ne duba irin wannan nama da rubuta irin wannan takarda, saboda haka zan ɗan tsawaita, domin na san yadda layukan ƙarshen nan suke hana iyalai barci.

Ya kamata ka fara sanin yadda ake samun lambobin. Idan aka cire nama, ana jiƙa shi a ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kaki, sannan a yanko shi siriri, siririn da ya fi silin gashin kai siranta fiye da ninki goma, a ɗora a kan gilashi. Daga nan sai a rina shi da wani sinadari da ke manne wa furotin guda ɗaya kawai. Ƙwayar da ke ɗauke da wannan furotin sai ta yi launin ƙasa-ƙasa, mu kuma mu leƙa ta madubin gwaji mu ƙiyasta kashi nawa ne rinin ya kama. Abin da ke cikin takardarka ke nan: ƙiyasin idon likita a kan yanki ɗaya na naman.

Shi p53 furotin ne mai gadi, wanda aka gano a 1979. Idan ƙwayar halitta ta samu lahani a cikin kundin gadonta, shi ne yake tsayar da ita daga rabuwa har a yi gyara, in gyaran ya gagara kuma ya umarce ta ta mutu. Idan ƙwayar gadon da ke ƙera shi, wadda ke kan kuromosom na 17, ta gurɓace, sai gadi ya lalace. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa a cikin ƙwaya, don haka rini ba ya cika kama shi sosai, gurɓataccen kuwa yakan taru ya yi yawa, shi ya sa ake ɗaukar kamun rini a matsayin alamar gurɓacewa. Sai dai wannan ma'auni yana da giɓi ta fuska biyu. Akwai gurɓacewar da ke hana a ƙera furotin ɗin baki ɗaya, ta yadda gilashin zai fito fes babu launi alhali lahanin yana nan, akwai kuma lokacin da rini zai kama ba tare da wata gurɓacewa ba.

Ga kuma abin da na fi so ka riƙe. A wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2015, an karanta ƙwayoyin gadon sankarar kai da wuya na mutum 279, aka tarar cewa a cikin waɗanda ciwonsu ba shi da alaƙa da ƙwayar cutar HPV, fiye da kashi 80 cikin 100 suna da gurɓataccen p53. Ka ga ke nan alamar da ke jikin mutum takwas cikin goma ba za ta iya rarrabe maka wanda zai warke da wanda ciwon zai dawo masa ba, tun da waɗanda suka warke ma akasarinsu suna da ita. Gaskiya ne wani bincike na 2007 ya nuna cewa nau'in gurɓacewar da ke rusa aikin furotin ɗin gaba ɗaya yana tafiya da gajeren rai fiye da sauran nau'o'in, amma wannan matsakaici ne na ɗaruruwan mutane, kuma bai sa an canja wa kowa magani ba.

Ki-67 kuwa, wanda ya samo sunansa daga birnin Kil na Jamus inda aka gano shi a 1983, yana fitowa ne a duk ƙwayar da ke cikin aikin rabuwa. Yana da amfani na gaske a wasu cututtukan, misali akwai wani ƙarin hanji da ake yanke darajarsa da shi. A sankarar baki dai har yau masana ba su haɗu a kan wata lamba da za a ce daga nan ne haɗari ya fara ba. Idan na ƙirga a bakin ƙarin, inda yake cin nama, zan samu lamba mai yawa, idan na ƙirga a tsakiyarsa in samu kaɗan, kuma likitoci biyu suna iya duba gilashi ɗaya su bambanta da kashi goma ko fiye.

Batun p16 shi ne ya fi rikita mutane, domin abin da ka karanta gaskiya ne amma ba a kan ciwon Baba aka faɗe shi ba. A sankarar can cikin maƙogwaro, wato tushen harshe da tsokokin nan biyu na gefen maƙoshi, fitowar p16 tana nuna cewa HPV ce ta haddasa ciwon, kuma irin wannan ya fi jin magani nesa ba kusa ba. Binciken 2010 da ya shahara a kan haka ya samu kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye bayan shekara uku, waɗanda ba su da ita kuwa kashi 57. Amma a dasashi da leɓe da kumatu da gaban harshe, HPV ba ta cika zama sanadi ba, kuma p16 bai tabbata a matsayin ma'aunin makoma ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin gwajin nama ta Amurka ta fitar a 2018 ma cewa ta yi kada a mai da wannan gwaji al'ada a sankarar da ba ta maƙogwaro ba. Rashin fitowarsa a wurin mai tumbak shi ne abin da kowane likita zai zata.

Yanzu ina roƙonka ka koma shafi na farko, ka rubuto mana waɗannan: faɗin ƙarin, zurfin da ya nutsa cikin nama da milimita, ko ya shiga ƙashi, tazarar da ke tsakaninsa da gefen yanka, kaluluwa nawa aka cire kuma nawa ke da ciwon, ko ciwon ya fasa fatar kaluluwar ya fito, da ko ya bi jijiya. A nan ne ainihin labarin yake.

Ɗan Gadarif:

Na gode ƙwarai, Dakta, Allah ya saka da alheri. Wallahi waɗannan layukan na tsallake su ne saboda na ɗauka bayanin aikin tiyata ne kawai. Wani ma'aikacin jinya maƙwabcinmu ya taya ni karantawa. Faɗin ƙarin santimita 2.8, zurfinsa milimita 8, bai shiga ƙashi ba. Gefen yanka babu ciwo, amma wuri mafi kusa milimita 3 ne. An cire kaluluwa 24, biyu suna da ciwon, kuma bai fasa fatarsu ba. An ce ya bi jijiya. A ƙasa an rubuta pT2 N2b, likitan kuma ya ce mana mataki na huɗu ne, wanda shi ma ya ƙara karya mini gwiwa.

Tsohon Likitan Tiyata, Kassala:

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya yi maka albarka da wannan tsayuwa da ka yi wa mahaifinka. 'Yata likita ta yi bayanin rini yadda ba ni da abin ƙarawa. Ni zan yi magana ne a kan lambobin da ka kawo yanzu, da kuma kwanakin da ke tafiya.

Kalmar mataki na huɗu ta kasu gida uku a wannan ciwo. Wanda mutane suke tsoro, inda ciwon ya tafi huhu ko hanta ko ƙashin wani wuri, shi ne na ƙarshensu. Na mahaifinka, bisa abin da ka rubuto, shi ne na farkonsu, wanda ake rubutawa IVA, kuma ya shiga cikinsa ne saboda kaluluwa fiye da ɗaya a gefe guda na wuya sun kamu. Irin wannan ana yi masa magani ne da niyyar warkarwa. Ba zan ɓoye maka ba, shigar ciwon cikin kaluluwa ita ce alama mafi nauyi a sankarar baki, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa tana rage damar tsira da kusan rabi idan aka kwatanta da wanda wuyansa ke da tsabta. Nauyin wuya a wannan ciwo ya kai har wani gwaji da aka yi a asibitin Tata na Mumbai, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ko a ƙaramin ciwon da ba a ji komai a wuya ba, kwashe kaluluwa tun a aikin farko ya ɗaga adadin masu rai bayan shekara uku daga kashi 67.5 zuwa kashi 80. Don haka likitan da ya buɗe wuyan mahaifinka ya yi abin da ya dace.

Akwai abubuwa biyu masu daɗi a takardar, ka gode wa Allah a kansu. Ciwon bai fasa fatar kaluluwa ba, kuma gefen yanka babu ciwo. Tsarin auna matakin sankara da aka fara aiki da shi a 2018 ya shigar da fasa fatar kaluluwa da zurfin ƙari cikin lissafi, saboda an tabbatar suna faɗin makoma. Zurfi an raba shi a milimita 5 da milimita 10, na mahaifinka yana tsakiya. Ka lura cewa masanan da suka zauna suka tsara wannan ma'auni sun san p53 da Ki-67 sarai, amma ba su sa ko ɗaya a cikin ma'aunin sankarar baki ba. Abin da suka sa shi ne wanda ake aunawa da milimita.

Abubuwan da ke jawo damuwa su ne kaluluwa biyun, da bin jijiya, da kuma tazarar milimita 3, domin abin da muke so shi ne 5 ko fiye. Waɗannan ukun su ne dalilin da ya sa aka rubuta gashi, kuma babu wani sakamako da zai dawo daga kowace ƙasa da zai soke wannan dalili. Ko p53 ya fito lafiyayye, gashi ya wajaba. Ko ya fito mafi muni, gashin nan dai shi ne magani. Gwajin da amsarsa ba za ta canja abin da za a yi ba, bai cancanci a tsayar da magani dominsa ba, balle a sayar da abincin gida.

Ga lissafin da nake so ka yi da ɗan baffanka. Ƙa'ida ita ce a fara gashi kafin mako shida su cika daga ranar aiki, wato kwana 42, domin ƙwayoyin da suka rage a wurin, waɗanda ido ba ya gani, suna hayayyafa da sauri bayan tiyata, kuma bincike da yawa ya nuna jinkiri yana ƙara dawowar ciwo. Kun riga kun cinye kwana 20. Kafin a fara kuma sai likitan haƙori ya duba bakin ya cire ruɓaɓɓun haƙora, a bar wurin ya warke kamar kwana goma zuwa mako biyu, saboda cire haƙori bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. Sai an ɗauki hoton tsara gashin, an kuma ƙera masa abin rufe fuska da zai riƙe kansa wuri ɗaya. Duk wannan a ƙasar da manyan cibiyoyinta na gashi, ta Khartum da ta Wad Madani, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya taɓa aikinsu, marasa lafiya suka yi ta tururuwa zuwa 'yan wuraren da suka rage ko su tsallaka Masar. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, ɗana. Gobe da safe ka fara neman layi.

Game da haɗa gashi da allurar cisplatin, wani maganin sankara, manyan gwaje-gwaje biyu na 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, sun nuna amfaninta ya fi bayyana ga wanda ciwonsa ya fasa kaluluwa ko aka samu ciwo a gefen yanka. Mahaifinka ba ya cikin waɗannan biyun, don haka wannan hukunci ne na likitan da zai gan shi, ya duba ƙodarsa da jinsa da ƙarfin jikinsa.

Sai tumbak, wanda ba zan rufe baki ban ambata ba. Binciken da likitocin ƙasar nan suka yi tun farkon shekarun 1990 ya nuna cewa sinadaran naitirosamin masu jawo sankara da ke cikinsa sun ninka na tabar leɓe ta Suwidin kusan sau ɗari, kanwar da ake kwaɓa shi da ita kuma tana sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa barinsa ke da wuya. Tun 1953 wani likitan tiyata a Amurka mai suna Slaughter ya lura cewa fatar bakin da ke kewaye da ƙari ita ma ta riga ta sauya, ko da ido yana ganinta lafiya lau, kamar gonar da aka cire wa ciyawa amma irinta na nan cikin ƙasa. Idan saffa ta koma bakin nan, ko ta ɗaya gefen ne, sabon ciwo yana iya tsirowa.

Ɗalibin Bincike, Sinnar:

Ina neman afuwar Baba Likita da Dakta, zan ɗan sa baki. Ban saɓa muku ba a kan cewa kada a jinkirta gashi, wannan babu ja. Abin da nake gudu shi ne mai karatu ya tashi da fahimtar cewa alamomin ƙwayoyin halitta ba su da wani amfani a wannan ciwo, alhali akwai inda suka riga suka shiga aiki.

Alamomin nan iri biyu ne. Akwai mai hasashen yadda ciwo zai kasance, kamar p53 da Ki-67 da cyclin D1, akwai kuma mai nuna ko wani takamaiman magani zai yi aiki. Na farkon ne suka kasa tsayawa da ƙafarsu, kuma dalilan a bayyane suke: yawancin binciken a kan mutum hamsin ko ɗari aka yi shi, an cakuɗa ciwon harshe da na dasashi da na maƙogwaro wuri guda, kowane ɗakin gwaji da irin rininsa da lambar da ya zaɓa, sannan sakamakon da bai nuna komai ba sau da yawa ba ya kaiwa ga wallafawa.

A iri na biyun akwai PD-L1, wani furotin da ƙwayar sankara ke fakewa da shi don kada garkuwar jiki ta gane ta. Tun 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba da pembrolizumab, wani magani mai taimaka wa garkuwar jiki, shi kaɗai a matsayin maganin farko ga wanda ciwonsa ya dawo ko ya bazu, idan makin PD-L1 ɗinsa ya kai 1, a 2025 kuma ta amince a fara ba da shi tun kafin tiyata ga wasu masu ciwon da ya yi nisa a wurinsa. A nan gwajin yana canja magani da gaske. Akwai kuma darasi a labarin EGFR, wani furotin da ke da yawa a kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan sankara. An samar da cetuximab don toshe shi, kuma a gwajin 2008 ya ƙara matsakaicin rayuwar masu ciwon da ya bazu daga wata 7.4 zuwa 10.1, amma auna yawan EGFR bai iya nuna wanda zai amfana ba.

Inda nake ganin mu 'yan Sudan muka fi buƙatar wannan ilimi shi ne kafin ciwon ya zama sankara. Masu tumbak da yawa suna da farin tabo a inda suke ajiye saffa, kaɗan ne daga ciki za su rikiɗe, kuma ido ba ya iya tantance wanne ne. Masu bincike a Kanada sun nuna cewa tabon da ya rasa wasu sassa na kuromosom na 3 da na 9 ya fi saurin rikiɗewa sosai. An yi aikin haɗin gwiwa tsakanin likitocinmu da na ƙasar Norway a shekarun 1990 a kan p53 a bakin masu tumbak, amma samfuran ba su da yawa. Abin da aka gano a kan masu sigari da giya a Turai ba lalle ya dace da manomin Gadarif ko mai shamma, irin tabar leɓe ta Jazan a Saudiyya, ba, kuma babu mai yi mana wannan bincike in ba mu ba.

Likitar Ɗakin Gwaji, Jidda:

Ƙanena ya faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin rarrabewar da ya yi. Sai dai don kada Ɗan Gadarif ya sake shiga ruɗu, tsarin 2025 ɗin nan ana fara shi ne kafin tiyata, Baba kuwa an riga an yi masa aiki. Gwajin PD-L1 zai zama abin nema ne idan, Allah ya kiyaye, ciwon ya dawo ta yadda wuƙa ko gashi ba za su iya ba, kuma maganin yana da tsadar da sai an yi shawara mai zurfi.

Wannan ya kawo ni ga wata shawara mai sauƙi. Naman da aka daskarar cikin kaki yana shekaru bai lalace ba, kuma ba ya buƙatar firji. Ka je ɗakin gwajin ka rubuta lambar samfurin, ka tambaya ko za su ba ka dunƙulen kakin da gilasan ko su ajiye maka, domin a halin da ake ciki ɗakunan gwaji suna iya rufewa ko su ƙaura. Idan sun ba ka, ka sa a ƙaramin akwati a ɗaki mai inuwa, kada ka bar shi a mota cikin rana, saboda kakin yana narkewa idan zafi ya kusa digiri 60. Cibiyar gashin ma tana iya neman gilasan don likitansu ya sake dubawa. Ta haka ba ku rufe ƙofar kowane gwaji ba, ranar da aka buƙace shi naman yana hannunku.

Hajiya daga Damazin:

Ɗana, ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar maigidana a kan wannan ciwo, na harshe ne nasa, kuma da yardar Allah yana nan da ransa shekara biyar bayan gashi. Kuɗin da kuke shirin kashewa a gwaji ku riƙe shi, domin za ku buƙace shi. Gashin nan kullum ne, kwana biyar a mako har mako shida, dole ku kama ɗaki kusa da asibitin, kuma dole wani ya zauna da shi. Daga mako na uku baki yake yin miki, yawu ya ƙafe, abinci ya daina ɗanɗano, a nan ne marasa lafiya da yawa suke cewa sun gaji a mai da su gida. Kada ku yarda ya tsallake ko kwana ɗaya sai da izinin likita. Ni da kunun gyaɗa da madara da ƙwai da romon nama marar yaji na riƙe maigida, ina ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a yini, ina kuma auna nauyinsa duk mako.

Mahaifiyarka kuma ka zaunar da ita ka gaya mata abin da likitocin nan suka faɗa, domin ita ce za ta yi jinyar, kuma ta riga ta karanta damuwar a fuskarka.

Ɗan Gadarif:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Likita, Dakta, Malam ɗalibi da Hajiya. Na tura wa ɗan baffana duk abin da kuka rubuta, mun yi doguwar magana ta waya daren jiya, kuma ya amince kuɗin da ya ware su tafi ga haya da mota da abinci. Shi ma tsoro ne ya sa ya kawo waccan shawara, yana ganin ya yi nisa kuma yana so ya yi wani abu.

Yau da safe likitan haƙori ya duba Baba, ya cire haƙora biyu. Na karɓo gilasai da dunƙulen kaki guda uku, na sa su a gwangwani a ƙarƙashin gadon mahaifiyata, na kuma gaya mata komai kamar yadda Hajiya ta ce. Mun samu cibiyar da ta ba mu ranar ɗaukar hoton tsara gashi, wadda ta faɗo a kwana na 33 daga aiki, sun ce idan komai ya tafi daidai za a fara kafin kwana na 42. Za mu kama hanya ranar Asabar, ni da shi da ƙanwata.

Tambaya ɗaya ta rage mini, Baba Likita. Tun ranar aiki bai taɓa tumbak ba, amma yana fama da rashin barci da saurin fushi, jiya ma na tarar yana laluben aljihun tsohuwar jallabiyarsa inda yake ajiye hukka, gwangwanin tumbak ɗinsa. Akwai abin da likita zai iya rubuta masa wanda zai rage masa wannan ƙishirwa ba tare da ya taɓa mikin bakin ba, ko kuwa in bari sai mun isa in tambayi likitan gashin?